Dala 2,000 da bindigar harbin nesa: lissafin da na yi ma kanina a Aboabo

Wani kanina, dan kanwar babata, ya tare ni a bes din ataya a Aboabo ranar Asabar bayan la'asar, ya miko min waya yace yaya duba nan. Na duba, wani bature ne a Amurka kwance rub da ciki cikin wani fili da baka ganin karshensa, ya danna kunama, aka yi shiru kamar ba'a yi komai ba, sai can daga baya kaji "tang", harsashi ya daki farantin karfe a yadi 1,000. Yaron nan idonsa har kyalli yake. Yace shi fa ya yi tari, da abinda yake samu a shagon kayan mota a Magazine da abinda wansa boga, wato dan ci-rani, dake Bronx a Amurka ya mishi alkawari zasu kai dala 2,000, kuma irin wannan bindigar yake so, to tunda ni na taso hannun kawu maharbi can wajen Ejura kuma na dade ina bibiyar harkar nan, wai in zaba mishi daya tsakanin Tikka da Bergara da Ruger.

Nace massa zauna tukunna, zuba min na biyu. Tambayarka ta wutsiya ka kamo ta. Duk wanda ya taba rike doki a Zango ya san kudin siyan dokin shine karamin abu, dawa da ciyawa da magani da yaron da zai kula da shi sune suke cinye mutum, kuma bindigar harbin nesa doki ce sak. A cikin dala 2,000 din nan sunan kamfanin da ya kera bindigar shine abu na karshe da ya kamata ya dame ka, akwai abu hudu a gabansa, takarda, filin harbi, harsashi, da madubin da ake dorawa a sama wanda ake ce ma sikof.

Takarda tukunna, domin mu ba a Texas muke ba. A Ghana bindiga ba kaya bace da zaka biya ka dauka, dokar makamai ta 1962 da dikirin 1972 da gyare-gyaren da suka biyo baya sune suke rike da harkar, rajista kuma tana hannun yan sanda, babban ofishin rajistar yana hedkwatar CID a Ankara (tamu ta Ghana, ba ta Turkiyya ba), izinin shigo da makami daga waje kuma daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Za'a binciki ko kai waye, lafiyarka da hankalinka, ko ka taba yin laifi, da dalilin da yasa kake so, kuma lasisin ba na din-din-din bane, duk shekara sai ka sabunta. Mafi yawan abinda zaka gani hannun farar hula da takarda shotgan ne, wato bindiga mai watsa kananan kwayoyin harsashi a kusa, mai baki daya ko mai baki biyu ko ta famfo, na manoma da mafarauta da masu gadin gida. Raifil mai cin nisa, irin wadda kake so din nan, wata magana ce daban, saboda haka kafin ka fitar da ko sidi daya sai ka je ka ji daga bakin masu rajista wace irin bindiga da wace kaliba, wato girman harsashi, zasu yarda su rubuta da sunanka. Idan suka ce a'a, shikenan lissafi ya kare anan, kudinka na aljihunka. Rike bindiga ba takarda a kasar nan babban laifi ne na sahun farko, ba irin wanda ake zuwa da dattawan unguwa a roka bane.

Sai yace ai wansa zai iya sakowa cikin durom din kaya da yake aikowa ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Wallahi sai da na ajiye kofin. Nace kana so ka daure mutum biyu da igiya daya kenan, shi a can kai a nan. Amurka bata yarda a fitar da bindiga ko harsashi ba sai da lasisin fitarwa, kuma abinda mutane da yawa basu sani ba shine har madubin bindiga yana cikin kayan da suke sa ma ido, ba'a jefa shi cikin akwati kamar takalmi. A wannan bangaren kuma ga yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan kananan makamai, ga kwastam. Hanya mai tsafta ita ce dila mai lasisi da takardu cikakku, kuma wannan hanyar tana da kudinta, jigila da haraji da ribar dila, ga sidi da dala da basa zama wuri daya, mun ga dala ta haura sidi 16 a karshen 2024 ta sauko wajen sidi 10 da wani abu a tsakiyar 2025. Farashin da bature yake fada a YouTube farashin shagon garinsu ne, kafin kaya ya iso hannunka a Kumasi ya canza kama.

To a ce takarda ta fito. Ina zaka harba? Wannan tambayar ce ta sa shi yin shiru. Yadi 1,000 mita 914 ne, kusan kilomita guda mikakke ba gida ba gona ba hanyar kafa, kuma a bayan abin da kake bara dole a samu tudu ko bangon kasa da zai tare harsashi, domin harsashin .308, daya daga cikin kalibar da ake harbin nesa da ita, idan ya kuskure ya tashi sama yana iya cin kilomita 4 kafin ya fado. Ko karamin .22 din nan da ake rainawa, a jikin kwalinsa ake rubuta gargadin cewa yana da hadari har fiye da kilomita daya da rabi. Filaye masu irin wannan tsawo a kasar nan na soja ne, irin su Bundase, ba wurin da zaka dauki jaka ranar Lahadi ka tafi bane. Dajin da muke gani kamar ba kowa kuma akwai kowa a ciki, mai gonar koko, mata masu itace, bafulatani da shanunsa, yara masu tarko. Sau nawa muke ji a rediyo maharbi ya harbi mutum yace ya dauka nama ne, kuma wannan da shotgan ne a taku talatin.

Yanzu bari in shiga cikin abin kansa, don anan ne yawancin masu kasafi suke zubar da kudi inda bai kamata ba. Harsashi ba ya tafiya a mike. Daga lokacin da ya bar bakin bututu kasa take janshi kuma iska tana rage mishi gudu. Dauki .308 mai nauyin giren 175 (giren shine ma'aunin nauyin harsashi), yana fita da gudun wajen mita 790 a dakika, kafin ya kai yadi 1,000 ya dauki fiye da dakika daya da rabi a hanya, kuma ya fadi kasa da wajen mita 10 daga inda bakin bindiga ya nuna. Mita goma fa, tsayin bene mai hawa uku. Wato wancan baturen da ka gani, bututun bindigarsa sama da farantin yake kallo nesa ba kusa ba, madubin ne aka murda har ya dawo da ido kan farantin. Faduwar nan bata da wuyar lissafi, kullum kusan iri daya ce, akwai manhajoji kyauta a waya da zasu baka ita. Iska ce shedaniyar. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa, wadda bata wuce ta kada maka riga ba, tana ture wannan harsashin da wajen mita biyu da rabi a wannan nisan, kuma iskar da ke kadawa inda kake kwance ba lallai ita ce ke kadawa a tsakiyar fili ba.

Masu harkar suna da ma'auni biyu na kusurwa. Daya shine MOA, wanda a mita 100 yake daidai da santimita 2.9, a mita 900 kuma ya zama wajen santimita 26. Dayan shine mil, santimita 10 a mita 100, kuma madubin mil duk kas daya da ka murda santimita 1 ne a mita 100. Mu da muka yi makaranta da mita da santimita mil ya fi mana saukin kai, ba sai ka tsaya kana juya inci ba. Idan kaji ance bindiga "MOA daya ce" ana nufin in ka harba harsasai da yawa a wuri daya a mita 100, dukkansu zasu taru cikin da'irar da bata kai santimita 3 ba.

Ga inda lissafin yake da dadi. Bindigar MOA daya a mita 900 tana watsa harbi cikin santimita 26. Ka kara kudi mai yawa, ninki biyu ko uku, ka sayi ta rabin MOA, ka dawo santimita 13. Ka ci ribar santimita 13 kenan. Amma in ka yi kuskuren karanta iska da kilomita 3 kacal a awa, abinda ko gwanaye suna yi, harsashin .308 ya kauce da wajen rabin mita. Kaga kenan dubban dalolin da ka zuba don ka rage santimita 13, iska ta shafe su da numfashi daya. Haka kuma in harsasanka basu fita da gudu iri daya ba, bambancin mita 10 a dakika tsakanin wannan da wancan ya isa ya daga harbi ko ya sauke shi da fiye da takin hannu guda a wannan nisan. Shi yasa mai karamin kasafi da ya zuba duk kudinsa a karfe ya bar harsashi da atisaye, ya sayi abinda ba zai taba ganin amfaninsa ba. Kuma alkawarin da kamfanoni ke bugawa a kwali cewa bindigarsu bata kai MOA daya ba, galibi da harbi uku ne suke aunawa da harsashi mai tsada. Harbi uku ba shaida bane, ko makaho yana iya dacewa sau uku, sai ka harba goma a jere sannan bindiga take fadin gaskiyarta.

Maganar kaliba kuwa, kanina ya riga ya haddace 6.5 Creedmoor kamar karatun allo, don duk bidiyo ita ake yabo. Kuma ba karya suke ba. Kamfanin Hornady ne ya fito da ita wajen 2007 musamman don gasar harbin nesa, harsashinta siriri ne dogo, yana yanka iska fiye da .308, a yadi 1,000 faduwarsa ta fi kadan, turin iska ma ya ragu da wajen kashi daya cikin hudu, kuma bata naushin kafada sosai, wanda yake da muhimmanci don mai koyo in bindiga tana dukansa sai ya fara runtse ido kafin ya danna. Ita .308 Winchester tsohuwa ce, tun 1952, yar uwar 7.62 ta NATO. Abinda take da shi shine juriya da yawa a duniya, bututunta yana kai harbi 5,000 ko fiye kafin ya fara lalacewa, na 6.5 kuwa wajen 2,500 zuwa 3,000 ake lissafa mishi. A Amurka inda ko wane shago yana da duka biyun, ni ma 6.5 zan ce. A nan kuwa tambayar ita ce wanne dila mai lasisi zai iya kawo maka bana da badi da badin badada, kuma irin guda, ba yau wannan kamfani gobe wancan ba, don duk sanda ka canza harsashi sai ka sake saiti daga farko. Bindigar da ba harsashi sanda ce mai tsada. Kuma na ja mishi kunne da kyau, kada wani ya zo yace maka ai yana da hanyar harsashi ta bayan fage mai araha, wannan arahar gidan yari take kaiwa.

Su .300 Winchester Magnum da .338 Lapua ban ma bari ya karasa fada ba. Harsashi daya na .338 kudin abincin gida ne na yini, ga kara ga duka, ga cin bututu. Wannan ba na mai dala 2,000 bane.

Bari kaji yadda ciyar da dokin yake. A can Amurka harsashin gasa mai kyau yana kaiwa wajen dala 2 guda daya. Kafin ka cinye bututun 6.5 guda, harbi 2,500, ka kona wajen dala 5,000 a harsashi, alhali bindigar kanta watakila dala 1,000 ka saye ta. Ninki biyar. Kuma mutum baya iya karanta iska da harbi hamsin, sai daruruwa, sai ya yi ta kuskure yana rubutawa a littafi, yau da safe iska daga hagu na rike kaza ya fadi kaza. Turawan da kake gani da yawansu a gida suke dura harsashinsu don rage kudi, suna da sikeli da injin matsi da albarushi na gwangwani, mu kuma nan wannan ba kofa bace da take bude ma kowa.

Madubi shine inda nafi dadewa da shi, don shine abinda sabon shiga yake rainawa. Yana ganin in ya kawo abu kusa ai shikenan. To ba kawo abu kusa ne babban aikinsa ba. Babban aikinsa shine in ka murda mil 10 ya motsa mil 10 cif, in ka mayar ya koma inda yake cif, yau da gobe, bayan girgizar harbi dari biyar da girgizar hanyar Mampong. Madubin banza yana iya baka hoto garau amma cikinsa na karya, ka murda 10 ya baka 9.8, kuskuren kashi 2 cikin dari kenan, a mita 900 ya zama santimita 18, kai kuma kana can kana zagin bindiga da iska. Gwajinsa ba wuya, a kafa dogon kwali a mita 100 daidai, a ja layi a mike, ka harba a kasa, ka murda mil 10 ka sake harbawa kana kallon wuri guda, tazarar ramukan biyu dole ta zama mita 1. In bata zama ba ka san abinda ka saya.

Akwai kuma maganar zanen da ke cikin madubin, layukan nan masu kananan gabobi. A wani madubin zanen yana girma yana raguwa tare da hoto in kana zuko shi, to gabobin suna nan daidai a ko wane mataki, shi ake ce ma FFP kuma shi masu harbin nesa suka fi so. A wani kuma zanen baya canzawa, gabobin basa zama daidai sai a mataki daya tak, in ka manta ka harba a wani matakin ka yi asara. Sannan ka tabbata zanen da abin murdawa yarensu daya, mil da mil ko MOA da MOA, akwai tsofaffin madubai masu zanen mil da murdin MOA, ciwon kai ne zalla. Yawan zukowa kuma kada ya rude ka, ninki 15 zuwa 18 ya isa yadi 1,000, a zafin rana irin namu ma in ka zuko da yawa kawalwainiya ce zata cika maka ido, farantin ya rika rawa kamar yana cikin ruwa. Kamfanoni irin su Vortex da Athlon da Arken suna da masu dan saukin kudi da ake yabawa, su Nightforce da Schmidt & Bender kuwa a manyan madubansu guda daya ya fi duk kasafin kanina. Kuma kasuwa cike take da jabu masu dauke da manyan sunaye, in kaga madubin dala dubu biyu ana saida shi kudin wayar hannu to ka san amsar. Zoben da ke rike madubin a jikin bindiga ma kada a yi mishi rowa, zobe mai sako-sako yana bata bindiga da madubi gaba daya.

Sai yanzu muka zo kan tambayarsa ta asali, kuma gaskiya ita ce mafi sauki. Duk ukun da ya lissafa masu sakata ne, ka ja ka tura da hannu bayan ko wane harbi, kuma irinsu ake so don sun fi daidaito da saukin gyara. Tikka T3x yan Finland ne ke yinta, kamfanin Sako, sakatarta santsi kamar an shafa mata man shanu kuma kunamarta tana da kyau tun daga kwali. Bergara B-14 HMR daga Sifen take, an yi ta a kan ma'aunin Remington 700 wadda take kasuwa tun 1962, saboda haka kayan canji nata sun fi na kowa yawa. Ruger Precision ta fito 2015, ita ce ta jawo talakawan Amurka cikin wannan wasa, amma ta fi sauran tsada da nauyi, kuma kamarta ta soja ce, abinda a nan ba zai taimake ka a gaban mai rajista ko a shingen hanya ba. Akwai Howa 1500 ta Japan da Savage 110 da suke kasa da su a kudi kuma suna harbi ba wasa. Ko wacce a cikinsu ta fi karfin hannun mai koyo na shekaru. Abinda zaka duba shine bututu mai kauri don kada ya yi zafi da wuri harbi ya fara yawo, bututun kuma kada ya taba jikin kota, wato marikin da ake tokarawa a kafada, murdin cikinsa ya dace da dogon harsashi, 1:8 a 6.5 ko 1:10 a .308 (wato harsashi ya juya sau daya cikin inci 8 ko 10), kunama mai tsinkewa tsaf ba ja-ja ba, da kota da ake iya daga wurin kunci don idonka ya zauna daidai da madubi.

Kota kuma ta roba ko ta karfe, ba katako ba, duk kyansa. Daminar Kumasi katako kumbura yake, hunturu ya zo ya bushe ya motsa, saitinka ya tafi. Tsatsa ma anan bata jira, bindigar kawu in ya kwana biyu bai shafa mata mai ba sai kaga ja-ja a baki. Kurar hunturu kuma tana cin gilashin madubi in kana gogewa da bakin riga. Sai akwatin karfe mai makulli a gida, harsashi daban bindiga daban, musamman gidajenmu na haya da yara ke shiga ko wane daki, wannan ma kudi ne kuma dole ya shiga lissafi.

Da ya ga filin gasa ba samuwa zai yi ba sai ya juya yace to ai zai yi farauta da ita. Nan ma nace tsaya. Bindigar nan da madubi da kafafunta tana kai kilo 5 zuwa 6, ka taba yawo da galan din ruwa a kafada daga asuba zuwa azahar? Dajin Asante kuma ina kake ganin mita 500, a mita 30 ganye ya rufe ka, shi yasa maharban da ke cika kasuwar Atwemonom da gada da akrantie, katon beran dajin nan, shotgan suke rikewa, ba rashin wayewa bane, dajin ne ya zaba musu. Can sama wajen Ejura zuwa arewa fili ya fi budewa, amma ciyawa in ta tashi ta fi mutum. Ga doka, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta don dabbobi su hayayyafa, akrantie kadai aka kebe shi ma da lasisi, wurare irin gandun dajin Mole kuwa ba'a ma maganarsu. Sannan dabba ba faranti bace. Cikin dakika daya da harsashi ke hanya ta daga kafa ta yi taku, maimakon kirji sai ka same ta a ciki ko a cinya, ta shige daji da rauni ta mutu inda baka sani ba. Mu da muka zauna gaban malam muka karanta Risala mun ji cewa abin da ka harba ana cinsa ne matukar bai bace maka ya kwana ba, kuma farauta don wasa kawai makaruhi ce. Kawu Allah ya jikansa bai taba alfahari da nisan da ya harbi nama ba, alfaharinsa shine kusan da ya iya yi kafin naman ya ji shi, har cewa yake sai ya ga kudan da ke kunnen gada.

To me nace ya yi da kudin? Nace in rajista ta yarda kuma dila ya tabbatar da harsashi, ya nemi karamar .22 mai sakata, irin CZ 457 ta kasar Cek ko makamanciyarta, ya dora mata madubin kirki na mil wanda ko nan gaba ya samu babba zai iya cirewa ya mayar. Ya yi dariya yace yaya bindigar harbin kurciya? Nace ita fa. Harsashin .22 yana fita da wajen mita 330 a dakika ne kawai, in ka yi saiti a mita 50, kafin ya kai mita 200 ya fadi fiye da mita daya, kuma iska kadan tana wasa da shi kamar auduga. Wato duk karatun da .308 zata koya maka a mita 800, murda madubi, karanta ciyawa da kura, rike numfashi, danna kunama ba tare da fizga ba, .22 zata koya maka shi a mita 200 da kudin da bai kai kashi daya cikin biyar ba, kuma bututunta kusan baya mutuwa. A Amurka ma gasar .22 ta nesa ta zama babbar harka saboda wannan dalilin. Filin mita 200 mai tudu a baya da izinin masu wuri da sanin hukuma abu ne da mutum zai iya nema, na kilomita guda kuwa mafarki ne.

Rabon da na zana mishi a bayan kwalin siga shine kashi daya cikin hudu na takardu da akwatin ajiya da abin toshe kunne da kudin mota, kashi daya bindiga, kashi daya madubi da zobe da kafafu da jakar yashi, kashi na karshe kuma harsashi zalla, kada ya taba shi don kara kyan bindiga. Na'urar auna nisa ma zata iya jira, tef din magina ya isa auna mita 200. Ya kalli kwalin ya kalle ni yace wato dala 500 kenan kudin bindigar, nace eh, in ma ta isa bayan haraji, in bata isa ba ka kara wata shida kana tari.

Bai ji dadi ba, na gani a fuskarsa, ya shanye atayarsa ya hau babur ya tafi. Ranar Laraba da dare sai ga sakonsa a WhatsApp, ba bidiyon bature ba wannan karon, hoton kwalin sigar ne ya ja layi a karkashin kashi na farko, yana tambaya wai hoton fasfo nawa ake kaiwa wurin rajista kuma ko zan raka shi ranar Litinin. Nace ya zo da wuri kafin go-sulo din Kejetia ya tashi, kuma shi zai sayi koko da kose.